Likitar Kogi Ta Kwanta Dama

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Da hantsin ranar Laraba, goma sha bakwai ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, a wani asibiti na babban birni, bayan jinyar ciwon hanta da ta daɗe tana ɓoye mana. Ina cikin aji ina rubutu a allo kiran mijinta ya shigo. Bai ja magana ba, ya ce, "Malam, sai haƙuri, Dakta ta cika." Na ajiye alli na fita, har yau ban san abin da na bar wa yara a allon ba.

Yaya, tun daga ranar mutane suke ta rubutu a kanki. Abokan aikinki na jami'a sun ambaci littattafan da kika wallafa da ɗaliban da kika yaye, kuma gaskiya suka faɗa. Amma babu wanda ya taɓo maganar garinmu da Baba, ko don kara, ko don ba su sani ba. Ni kuwa a tsakiyar wannan magana na zauna shekara da shekaru, don haka ita zan faɗa.

Garinmu a bakin kogi aka kafa shi, cikin wani makeken dausayi inda kogin yake bazuwa bayan ya gangaro daga duwatsu. Baba ɗan fito ne, yana da jirage biyu da yake ƙetarar da mutane da kaya. Inna ta rasu ina rarrafe. Ke kika goya ni, ke kika yi mini wanka a mashaya, ke kika koya mini iyo: kika kai ni inda ruwa ya zo mini wuya kika ce kin sake ni, ina ta ihu kina dariya, ashe hannunki na ƙarƙashin cikina ban sani ba. Makarantarku a tsallake take, Baba da kansa yake kai ki kowace safiya kafin ya ɗauki fasinja ko ɗaya. In masu jira suka yi ƙorafi sai ya ce, "Ku yi haƙuri, mai jirgin ce za ta fara ƙetarewa."

Da kika tafi jami'a kowa ya ɗauka aikin asibiti za ki koya, sai kika zaɓi nazarin ƙasa da koguna. Ranar da labari ya zo cewa kin zama Dakta, Baba bai bar fasinja ɗaya ya sauka bai ji ba. Zuwanki na farko bayan haka, wata maƙwabciya ta kawo miki jikanta mai tari. Kika karɓi yaron, kika lallashe shi, sannan kika ce, "Gwaggo, ni fa likitar kogi ce. In kogi ne yake tari ki kawo mini shi." Kika saka mayafi kika raka ta ɗakin shan magani. Daga nan sunan ya bi ki, yaro da babba, Likitar Kogi.

A wannan zuwan ne kika nuna mana aikin naki a tsakar gida. Kika ɗauko babban tiren da muke shanya hatsi, kika zuba yashi da laka a gefe guda, kika ɗaga gefen da dutse, kika riƙa tsiyaya ruwa daga buta a hankali. Kika ce kogi ɗan dako ne. Daga duwatsu yake ɗauko kaya yana gudu, da ya iso shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ƙarfinsa ya ragu ya fara saukewa: tsakuwa da yashi da wuri, rairayi a gaba, laka mai laushi kuwa sai can ƙarshen dausayi. Muna kallo ruwan ya rabu kamar kitso a sama, ya riƙa lanƙwasa kamar maciji a tsakiya, ya ɓace a ƙasa. Can sai yashin da ya sauke ya cike masa hanya, ruwan ya hau bisa abin da ya tara da kansa, ya tsaya jim kaɗan, ya ɓalle ta gefe ya kama sabuwar hanya. Kika ci gaba da zubawa, ya sake yin haka, har yashin ya bazu a tiren kamar mafici.

"Duk dausayin nan haka aka gina shi," in ji ki. "Babu inda muke takawa da kogi bai taɓa bi ba. Kuma babu inda ya bi da bai bari ba."

Baba ya ƙura wa tiren ido. Ya ce gaskiya ne, akwai wuraren da gorar tura jirginsa ba ta taɓa ƙasa a da, yanzu kuwa jirgi har gogar yashi yake. Sannan ya yi dariya ya ce, "To, Dakta, tunda an gama duba mara lafiya, a wanke mana tire." Duk muka yi dariya, har da ke.

Aikinki ba na zaman ofis ba ne, ko da yake kina da ofis. Na shige shi sau da yawa: taswirori a bango har kan ƙofa, kwalaben yashi iri-iri a kan kanta, dogayen bututu cike da laka jingine a lungu, takalman roba a ƙarƙashin tebur. Rabin shekara a ruwa kike yin ta, kina auna zurfi, kina kafa bututu cikin taɓo ki zaro ki karanta shi hawa-hawa kamar mai buɗe littafi. Ƙafafunki duk tabon matsattsaku ne. Likitoci sun ce a wannan shiga ruwan ne cutar da ta lalata miki hanta ta samo asali.

Ɗalibanki da suka zo gaisuwa sun ba ni labarai da ban sani ba. Wata ta ce ranar fitarta ta farko da silifas ta zo don ba ta da takalmin ruwa, kika cire naki kika ba ta, kika wuni ba takalmi a cikin taɓo, kina cewa ke ƙafarki ta saba. Wani ya ce kun taɓa shafe kwanaki kuna jiran ruwa ya kai matakin da kike son aunawa, ranar da ya kai sai aka kawo mace mai naƙuda daga wata ruga, kika sa aka sauke kayan aiki a gaɓa, jirgin ya juya da ita asibiti. Awon shekarar ya wuce ku. Da ya nuna damuwa kika ce masa kogi zai sake cika baɗi, matar nan kuwa ba ta da baɗi in aka tsaya.

Sai shekarar babbar ambaliya ta zo. Can sama da garinmu, inda ba kowa sai ciyawa da kainuwa, kogin ya fasa gaɓarsa ta yamma ya kwarara cikin wani kwari da babu gari ko ɗaya. Da farko mun yi murna, don ruwa bai shigar mana gidaje ba. Da damina ta wuce muka ga abin da ya faru. Mafi yawan ruwan ya bi sabuwar hanya, reshen da ya ratsa garinmu ya koma kamar ƙorama. Tsibiran yashi suka fito a inda jirage ke wucewa. Masunta suka fara dawowa da taru babu komai a ciki.

Dattawan gari suka kai kuka ga hukuma a zo a toshe ɓarakar da jinga, a maido mana da ruwanmu. Hukuma ta kafa kwamiti, aka ce maganar masana za a bi, babbar masaniyar kuwa ke ce. Ranar da aka ji haka har guɗa aka yi a garinmu. Kowa na cewa ai magana ta ƙare, 'yar gida ce a ciki.

Baba ya saka babbar rigarsa ya ce in raka shi birni. A falonki kika zaunar da shi, kika kawo masa shayi da hannunki, kika zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa kamar yadda kika saba. Ya ce ba roƙo ya zo yi ba, ya zo ne ya ji ranar da za a fara aiki. Kika sunkuyar da kai.

Kika ce, "Baba, na auna reshenmu tun daga sama har ƙasa. Yashi ya cika shi, gindinsa ya fi ƙasar da ke gefensa tudu. In aka toshe ɓarakar nan aka tilasta wa ruwa ya dawo, ba zai zauna ba. Zai sake fasawa, kuma inda gaɓa ta fi rauni yanzu shi ne saitin babban garin da ke ƙasa da mu. Kasuwarsu da asibitinsu da unguwanninsu duk a kwari suke, ruwa a saman rufinsu yake wucewa."

Baba ya ce, "To mu fa?"

Kika ce, "Mu kogi za mu rasa. Su rayuka za su rasa. Ba zan iya sa hannu ba, Baba."

Ya daɗe yana dubanki. Ya ajiye kofin bai kurɓa ba, ya ce mini, "Tashi mu tafi, kada mota ta wuce mu."

Kina iya aika rahotonki ki zauna a birni, babu wanda zai ga laifinki a wurin aiki. Amma kika ce mutanen da za su ɗauki asarar sun cancanci su ji daga bakinki. A filin makarantar da nake koyarwa aka yi taron. Kika tsaya a gaban mutanen da suka san ki tun kina tallar murmushi a jirgin Baba, kika yi bayani dalla-dalla, ba ki ɓoye cewa garin zai sha wuya ba. Ba a bari kin kai ƙarshe ba. Wani ya ɗaga murya ya ce likita ta kashe majinyacinta. Wani ya ce an saye ki. Wata tsohuwa ta ce bakinki ne ya kori kogin tun ranar da kika yi wasa da tire. Sai babban yayanmu, wanda a lokacin shi ne babban dillalin kifi na gari, ya miƙe ya ce shi daga yau ƙane ɗaya gare shi. Aka jefo curin laka ya same ki a kafaɗa. Ba ki goge ba, ba ki kuma tafi ba, sai da mai magana na ƙarshe ya gama zaginsa kika ce kin ji, kuma kin san zafin da ya sa aka faɗa.

Hukuma ta bi shawararki. Mutanen gari kuma suka ce za su toshe da kansu. Kika aiko a gaya musu ruwan wurin yana da ƙarfin da buhun yashi ba zai tare ba, ba wanda ya saurara. Farkon damina ruwa ya kwashe abin da suka jera, ya tafi da ɗan Kawu, magidanci mai 'ya'ya ƙanana. Kika zo gaisuwa aka hana ki shiga gidan. A bakin ƙofa kika zauna cikin rana har la'asar, kika yi addu'arki kika tashi. Wannan mutuwa ma a kanki aka ɗora ta.

Abin da ya biyo baya a idona aka yi shi. Kasuwar kifi ta mutu. Masu jirage suka bi ruwa zuwa sabuwar hanya, iyalai suka riƙa kulle gidaje suna tafiya, ajina da ake zama uku-uku a benci ya koma kowa da bencinsa. Jirgin Baba ɗaya aka sayar, ɗayan ya ƙi rabuwa da shi, aka kife shi a kan yashi rana tana tsattsaga shi. Kullum da safe sai ya tafi ya zauna a inuwarsa, yana kallon mutane suna ƙetare kogin da ƙafa. Rijiyoyin gari suka ja baya, wasu suka yi ɗaci.

Babban garin kuwa yana nan lafiya, kuma ba na jin akwai mutum goma a cikinsa da suka san sunanki. Na taɓa tambayarki ko kina da tabbacin cewa da an toshe da ruwa ya ci su. Na so ki ce mini e, don in sami abin faɗa wa masu zaginki. Kika ce, "Tabbas na Allah ne. Na auna iyakar iyawata, abin da na gani ke nan. Masifar da ba ta auku ba ai ba ta da shaida, ƙanena. Tasu ba a gani ba, tamu kuwa kullum ana kallonta." Kika juya kai kika share ido. Ban taɓa jin kin kare kanki fiye da haka ba.

Wani zai yi fushi ya bar garin da ya jefe shi. Ke rani na zagayowa sai ga ki da ɗalibai da na'urori, kuna bin gonaki da fegi da igiya. Kika gaya mini tsofaffin hanyoyin da kogi ya bari tun kafin a haifi kakanninmu suna nan binne a ƙarƙashin laka, yashinsu yana riƙe da ruwa mai daɗi, in an san inda suka bi. Kika bi su ɗaya bayan ɗaya kina kafa alama, kika yi ta sintiri ofis-ofis har aka turo masu haƙa. Inda duk kika ce a tona sai a sami ruwa, ko da ba a kusa ba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba, in ji masu magana, amma sai da wanda ya san inda za a tona. Waɗanda suka rage a gari da waɗannan rijiyoyi suka rayu, da su aka fara lambu a inda a da ake shanya taru.

Kada a ɗauka daga nan komai ya gyaru. Garin bai koma yadda yake ba, ba zai kuma koma ba. Akwai waɗanda suke jan ruwa a rijiyarki su wuce ki ba sallama. Babban yaya ya hana a shiga gonarsa, sai da matarsa ta zo ta same ki a ɓoye kika je kika kafa fegi yana kasuwa. Yau albasa yake nomawa a wurin. Daga baya ya riƙa amsa gaisuwarki, gajeriya, yana duban wani wuri, ke kuwa kina murna da ita kamar an ba ki kyauta.

Baba ne bai sauko ba. Bai taɓa zaginki ba, bai kuma hana ki shiga gida ba. Duk zuwa sai kin durƙusa a ƙofar ɗakinsa kin gaishe shi, ya ce "lafiya" fuskarsa na kallon bango, shi ke nan. Ki ɗan jima a durƙushe ko zai ƙara wata kalma, sannan ki tashi ki share masa ɗaki, ki wanke masa kaya, ki zo ki tambaye ni a hankali ko yana cin abinci, ko ciwon gwiwarsa yana barinsa barci. Na sha yi masa magana, limamin gari ma ya yi. Sai ya ce shi ba ya riƙe da kowa, bakinsa ne ya yi nauyi. Na yarda da shi. Mutum ne da aka raba da abin da ya iya tun yana yaro, kuma hannun da ya fi ƙauna ne ya ƙi tare masa.

Zuwanki na ƙarshe kin rame, idanunki sun yi ɗorawa, kika ce gajiya ce. Ba a jima ba mijinki ya kira ya ce an kwantar da ke. Da na je duba ki ba ki tambaye ni komai ba sai, "Baba ya san ina nan?" Na ce ya sani. Kika ce to, kika rufe ido. Na dawo na gaya masa yadda na gan ki, ban rage komai ba. Ya ce gwiwarsa ba za ta iya doguwar tafiya ba. Na ƙyale shi. Ranar Talata da safe ina shirin fita ya kira ni, ya ce in nemo mota, jibi zai je.

Nan take na buga waya, mijinki ya kara miki a kunne. Muryarki ta yi ƙasa ƙwarai, amma na ji kin yi 'yar dariya. Kika ce wa mijinki kujerun asibitin nan gajeru ne, Baba ba zai iya tashi daga kansu ba, a je a samo mai tudu, mai hannu, a ajiye masa tun yanzu. Maganarki ta ƙarshe da na ji ke nan. Washegari kika tafi.

Motar da na nemo don Alhamis ita ta kai mu ranar Laraba. Aka yi miki salla, aka kai ki makwancinki, Baba yana tsaye da sanda ya ƙi a riƙe shi. Da muka koma gidanki ana zaman makoki, ya tsaya yana duban tabarmi, ya rasa yadda zai sauka. Sai mijinki ya shiga ciki ya fito da wata sabuwar kujera mai tudu, ko ledarta ba a gama cirewa ba. Baba ya zauna, ya ce Allah Ya yi albarka, wannan kamar an auna shi. Mijinki ya ce, "Ita ta ce a saya maka, Baba. Jiya."

Baba ya shafa hannun kujerar, ya sake shafawa. Sannan ya ja rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Tun da nake ban taɓa ganin kukansa ba, ko a rasuwar Inna an ce bai yi a gaban mutane ba. Da ya sami magana sai ya ce, "Jibi na ce. Me ya hana ni cewa yau?"

Yaya, ban san yadda tarihi zai auna shawarar da kika yanke ba, kuma ba ni da ilimin da zan auna ta. Abin da na shaida shi ne kin faɗi abin da kika gani alhali kin san abin da zai jawo miki, kin tsaya an zage ki ba ki rama ba, kin kuma dawo kin yi wa masu zagin hidima har ƙarfinki ya ƙare. Wannan zan faɗa ko a gaban wa.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo gare Ka. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanya jinyar da ta sha ta zama kaffara. Ka karɓi ruwan da ta samar wa bayinKa a matsayin sadaka mai gudana, Ka haɗa ta da Inna a gidan rahama. Ka jiƙan ɗan Kawu da duk waɗanda suka riga mu.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta, wanda ya yi jinyarta da haƙuri bai taɓa gajiya ba, da 'ya'yanta, da babban yayanmu, da ɗalibanta da abokan aikinta, da mutanen garinmu, waɗanda suka yafe da waɗanda har yanzu zuciyarsu ba ta huce ba. Ina roƙon duk wanda yake ganin ta cuce shi ya yafe mata don Allah, ita ta daɗe da yafe wa kowa. Wanda kuma ya karanta wannan, in ya yi mata addu'a, ya haɗa da Baba. Tsoho ne ƙwarai, kuma shi ne ya fi kowa buƙatar haƙuri a cikinmu. Allah Ya ba shi, Ya ba mu, Ya kyautata namu ƙarshen.